Mai Rainon Gidan Malama

Unguwar da Malama take koyar da Turanci ba irin wadda ta tashi da kanta ba ce, gida ya haifi gida, lungu ya haifi lungu. Zana ta aka yi a takarda tun kafin a aza bulo ko ɗaya, kuma da ganinta ka san haka. Titunanta a miƙe suke samɓal. Itatuwan bakin hanya tsawonsu ɗaya, sai ka ce wanzami guda ne ya yi musu aski. A tsakiya an haƙa tafki an zuba jajayen kifaye, an kafa allo cewa kada a ba su abinci. Kanti, asibiti, makaranta, wurin motsa jiki, duk suna cikin katanga, yadda mutum zai iya shekara bai leƙa waje ba. Malama ta kusa yin hakan.

Unguwar tana wata ƙasa ce mai nisa, wadda ba Turanci ne yarenta ba. Malama ta zo ƙasar ne bayan rasuwar mijinta, da 'yarta a hannu, da digirinta na Turanci da shekarun da ta yi tana shan ƙurar alli a gida. Cibiyar koyon Turanci ta unguwar ce ta ɗauko ta. Cibiyar ta ba ta gida a saman wani dogon bene, ta nema mata takardar zama, ta sa yarinyar a makarantar unguwa, ta ba su katin da ke buɗe ƙofar shiga. Duk abubuwan nan a igiya ɗaya suke rataye, bakin igiyar kuwa yana hannun Darakta, shugabar cibiyar.

Darakta 'yar ƙasar ce, siririya, mai wani murmushi da ba ya sauka daga fuskarta ko da sallamar mutum take yi daga aiki. Ranar da Malama ta fara zuwa, ta zaunar da ita a ofis, ta zuba mata shayi da hannunta.

"Turancinki ya fi na wasu da aka haifa a cikinsa," in ji ta. "Sai dai iyayen yaran nan ba Turanci kaɗai suke nema ba. So suke su gaya wa ƙawayensu cewa malamar ɗansu haifaffiyar ƙasar Turawa ce. Na riga na faɗa musu a can aka haife ki, a can kika girma."

Malama ta dubi bayan hannunta.

"Ai can ma akwai masu launinki," Darakta ta ce tana murmushi. "Ba sai kin ce komai ba. Kada dai ki ƙaryata."

A lokacin Malama ta ɗauka ƙarya ce ta cikin aji, wadda za ta cire ta rataye da yamma kamar rigar aiki. Ba ta yi lissafin cewa iyayen ɗalibanta su ne maƙwabtanta ba. Su take tararwa a lif na hawa bene, su ne a bayanta a layin kanti, su ne a bakin tafki suna zagaye da karnukansu. Ko'ina ta juya sai an ɗaga mata hannu, an turo yaro gaba an ce ya gaishe da malamarsa. Ta haka Hausa ta koma abin da sai an rufe ƙofa ake yi. Yarinyar, wadda aka sa wa sunan kakarta shi ya sa kowa yake kiranta Takwara, ta koyi dokar da wuri: a waje Turanci kawai. Yaro kuwa bai san iyakar doka ba. Kafin a yi nisa, ko a cikin gida aka yi mata Hausa da Turanci take amsawa.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyar Malama, ta ce ita fa za ta zo ta ga takwararta da idonta, ta gaji da ganin ta a waya kamar 'yar talabijin. Takardun tafiya suka fito. Saura katin shiga unguwa, shi kuma sai Darakta ta sa hannu.

"Mahaifiyar taki tana jin Turanci?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ta iya cewa na gode."

Darakta ta ɗan juya biro a tsakanin yatsunta. "Ba matsala. Kusan kowane gida a nan yana da mai raino daga wata ƙasa. Zan sa a buga mata katin ma'aikatan gida. Kin ga ba wanda zai yi tambaya."

Malama ta buɗe baki. Ta tuna gidan, ta tuna makarantar Takwara, ta tuna takardar zaman da ta kusa ƙarewa. Ta rufe bakin. Katin da aka miƙo mata bayan kwana biyu ruwan toka ne, nata da na 'yarta kuwa farare.

Inna ta iso da jakunkunanta da muryarta. Mace ce doguwa mai jiki, wadda in ta yi dariya sai an ji a gida na uku. Ba ta taɓa kiran sunan Malama ba saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce "ke 'yar nan". Tun a mota, da suka shigo unguwar, ta leƙa ta taga ta ƙare wa titunan kallo.

"Ke 'yar nan, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna."

"To me ya sa garin ya yi tsit haka? Ko kuka na yaro ban ji ba."

Makon farko ya zama na karo da dokoki. Ta wanke zannuwanta ta shanya a baranda, kafin su tsane mai gadi ya hau da hoton shanyar a wayarsa, yana ta sunkuyawa yana ba da haƙuri yana nuna a cire. "Ga rana a banza," in ji Inna, "a ce sai inji ne zai busar mini da zane?" Ta tura taga don ta sha iska, ta tarar ba ta buɗuwa fiye da tafin hannu. Ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta don ta gaishe su, aka amsa mata ta wani ɗan akwati a jikin bango, ba a buɗe ba. Ta dawo tana tafa hannu. "Yau na gaisa da bango, ya kuma amsa."

Da zaman ɗaki ya ishe ta, ta fita yawo ba ta gaya wa kowa ba. Gidajen duk kamarsu ɗaya, ta rasa nasu. Masu gadi suka dawo da ita a 'yar ƙaramar motarsu marar ƙara, tana zaune a baya tana ɗaga wa mutane hannu kamar wadda ta ci zaɓe. Malama ta fito daga aji ta hango ta, ta yi sauri ta nufi motar.

A wannan yawon Inna ta gano bencin bakin tafki, ta kuma gano Mai Lema. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, 'yar ƙasar, wadda ba ta rabuwa da lemarta ko ana ruwa ko ba a yi. Ɗanta ne ya ɗauko ta daga ƙauye ya ajiye ta a gidansa. Kowace safiya su biyun sai su zauna, Inna ta zuba da Hausa, Mai Lema ta amsa da yarenta, su kwashe da dariya. In mai gadi ya juya baya, su fito da guntun burodi daga ɓoye su watsa wa kifayen.

"Ta ce surukarta ba ta barin ta ko tafasa ruwa a kicin," Inna ta ba da labari wata rana da yamma. "Wai za ta ƙona musu gida. Matar da ta ciyar da gida guda shekara da shekaru!"

"Inna, da wane yare ta gaya miki?"

"Ke dai boko ya toshe miki kunne. Irin wannan ai ba sai da yare ba."

Surukar Mai Lema ba wata ba ce illa shugabar kwamitin iyaye, wadda Malama take kira Madam Tambaya a zuciyarta. 'Yarta tana ajin Malama, ita ma ta koyi Turanci a girma, kuma ba ta ganin Malama ta bar ta ta wuce ba ta gwada shi a kanta ba. Ita suka tarar a lif wata ranar Asabar, su uku suna dawowa daga kanti. Ta dubi Inna tun daga ɗankwali har takalmi.

"Wannan fa?" ta tambaya da Turanci.

Lif ɗin yana hawa a hankali.

"Tana taimaka mini da yarinyar," ta ce.

"Oh, mai raino! Kin yi dace, da alama tana da tsabta. Tamu sai an yi ta binta."

Inna ta ga ana kallon ta ana murmushi, sai ta washe baki ta faɗi kalmar Turancin nan guda da ta iya: na gode. Takwara tana riƙe da ledar burodi, ta ɗaga kai ta dubi uwarta.

Maganar ta kwanta kusan wata guda. Ranar da ta tashi, Malama tana kan tebur tana gyaran aikin ɗalibai, Inna kuma tana fama da Takwara a kan ta ajiye waya ta zo ta ci abinci. Da lallashi ya ƙi, Inna ta fizge wayar ta sa a ƙarƙashin cinyarta. Yarinyar ta miƙe tsaye tana huci. Sai ga Hausa ta fito mata, karkatacciya, wadda rabon da a ji jimla guda daga bakinta an manta.

"Ke ba ki isa ba! Ke ba kaka ba. Mama ya ce ke mai raino. 'Yar aiki!"

Biron ya tsaya a hannun Malama. Ta jira tsawa, ta jira salati. Inna ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zaro wayar ta miƙa wa yarinyar. Sannan ta sa hannu a wuyanta ta jawo igiyar katin nan, ta juya shi gaba da baya tana dubawa.

"Ashe shi ya sa nawa ya zo kala ɗaya da na masu shara," ta ce a hankali. "Ni da na zaci na tsofaffi ne."

"Inna, ki tsaya in yi miki bayani."

"Abinci zai huce."

Washegari da safe Malama ta fito ta tarar an goge mata takalmi an jera a bakin ƙofa. Inna tana tsaye da jakar aikinta a hannu.

"Ina kwana, Madam."

"Inna, don Allah."

"Madam za ta sha shayi, ko a raka ta?"

Haka aka yi ta yi. In sun fita, Inna sai ta ja baya ta bi su da kaya. In Malama ta shigo falo, sai ta tashi daga kujera ta zauna a ƙasa. Ba ta ɗaga murya, ba ta ɓata fuska, dariyar nan ce dai ta ɗauke daga gidan gaba ɗaya. Malama takan tsaya a gaban allo tana koya wa yara yadda ake gabatar da dangi, wannan uwata ce, wannan kakata ce, yaran suna maimaitawa da ƙarfi.

Da abin ya kai mata iya wuya, ta sami Inna a kicin da rana tsaka, ta durƙusa a gabanta a kan tayil ta faɗa mata komai: maganar Darakta, ƙasar da aka ce a can aka haife ta, gidan da ba nata ba, takardar da in an janye sai su tattara cikin 'yan kwanaki. Tana yi tana kuka. Inna ta saurara har ƙarshe tana yanka albasa.

"Raino kam na yi shi," ta ce. "Ba ƙarya kika yi ba. Na goya ki har bayana ya yi kanta. In da gaya mini kika yi tun a gida, da ni da kaina zan ɗaura ɗamara in yi miki 'yar aikin, ba wanda zai gane. Abin da ya ƙona ni, a ce a bakin takwarata zan ji." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasar ce. "Tashi, ƙasan nan da sanyi. Amma ki gaya mini, 'yar nan: yaushe za ki gama?"

"Gama me, Inna?"

"Zama wata."

Daga ranar Inna ta daina ce mata Madam a cikin gida. A waje kuwa ta ci gaba da bin bayanta, yanzu ba don gori ba, don ta rufa mata asiri. Wannan ya fi na farkon ciwo.

A ƙarshen zango cibiyar takan tara iyaye a babban zaure, yara su nuna abin da suka koya. An jera kujeru masu laushi a gaba don iyaye da dangi. Masu raino da direbobi kuma sukan tsaya a can baya jikin bango, riƙe da jakunkunan yara da gorunan ruwa. Takwara tana cikin masu waƙa, don haka Inna ta ci ado ta zo, ta wuce kai tsaye jikin bango ba tare da an nuna mata ba.

Malama tana kan dandamali tana jera ɗalibanta sai ta hango Mai Lema ta tashi daga layin gaba. Tsohuwar ta ratsa zauren tana dogara lemarta, ta kama hannun Inna ta fara janyo ta. Ta san gaskiya tuntuni, domin a bencin nan Inna ta sha nuna mata hotuna a waya: Malama tana jaririya a cinyarta, Malama da hular gama jami'a ta rungume ta. Ta kawo Inna har gaba, ta ɗauke jakar surukarta daga kan kujera ta ajiye a ƙasa, ta nuna wa Inna ta zauna.

Madam Tambaya ta sunkuya tana yi wa tsohuwar magana ƙasa-ƙasa. Mai Lema ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ta ɗaga murya da yarensu, ta nuna Inna da bakin lema, ta nuna Malama a kan dandamali, ta dafa cikinta ta yi alamar goyo. Ko wanda bai ji yaren ba ya gane. Zauren ya yi tsit. Kawuna suka juyo wajen Malama. Darakta tana tsaye a gefen labule, murmushinta yana nan daram.

Makirufo yana hannun Malama. Kalmomi kaɗan ne kawai, wannan uwata ce, ta koyar da su sau ba adadi. Ta ji su sun hau har kan harshenta. Ta dubi Takwara a cikin layin yara da farar rigarta, ta dubi Darakta, ta dubi uwarta.

Inna ce ta raba gardamar. Ta miƙe, ta dafa kafaɗar Mai Lema, ta girgiza mata kai tana dariya kamar mai cewa tsufa ne ya ruɗa ƙawarta. Ta ɗauki jakar Madam Tambaya daga ƙasa, ta kakkaɓe ta da gefen mayafinta, ta mayar kan kujera, ta ɗan russuna. Sannan ta taka a hankali ta koma jikin bango, ta karɓi gorar ruwan wani yaro daga hannun wata mai raino ta riƙe mata. Wani ya yi 'yar dariya, wasu suka taya shi. Darakta ta yi alama a saki kiɗa.

Malama ta ɗaga hannu, yara suka fara waƙa. Ta kai su har ƙarshe ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Aka tafa sosai.

Da safe, tun kafin a buɗe azuzuwa, ta shiga ofishin Darakta ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Matar nan mahaifiyata ce. Ita ta haife ni, kuma ba a ƙasar Turawa ba. Ina so a gaya wa iyayen yara."

Darakta ta nuna mata kujera. "Zauna mana. Wa kike so a gaya wa? Ai sun sani."

"Sun sani?"

"Kina zaton makafi ne? Kamarku ɗaya da ita har tafiya. Shugabar iyaye ta gane tun ranar da ta gan ku a lif, ita ta zo ta same ni. Ta ce 'yarta ba ta taɓa samun malama kamarki ba, kada in kuskura in rabu da ke." Ta gyara zaman wata takarda a kan tebur. "Abin da ba sa so shi ne a faɗa. In aka faɗa a fili, dole su nuna sun ji haushi, dole wasu su cire 'ya'yansu don kada a yi musu dariya, ni kuma dole in yi abin da ba na so. Jiya mahaifiyarki ta fi kowa fahimtar wannan. Mace ce mai hankali."

Malama ta ji ɗakin ya ƙanƙance. Duk tsawon lokacin nan tana taka ƙasa a hankali, tana haɗiye harshenta a lif da kanti, ashe ba wanda take ɓoye wa komai.

"To ki sallame ni in nemi wata makaranta a cikin gari."

"Da yardar rai, in kwantiraginki ya cika. Kafin nan ba zan iya ba da takardar saki ba, su kuma ba za su ɗauke ki ba sai da ita. Ki tuna kuma yarinyarki tana tsakiyar shekarar karatu." Ta miƙe ta buɗe mata ƙofa. "Ki huta yau in kina so. Kin yi ƙoƙari jiya."

Ba ta huta ba. Ta shiga aji ta koyar.

Inna ba ta cika watannin da aka ba ta ba. Ta ce ƙafarta tana ciwo da sanyin ƙasar, ta ce awakinta suna hannun mutane. Tana haɗa kaya ta dubi Takwara, wadda tun ranar taron take manne da ita, tana kwana a bayanta, tana tambayar ta sunan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ni ita in tafi da ita," in ji Inna. "Ko shekara guda. Ta ga mutane, ta yi faɗa da sa'anninta, ta san danginta."

"Inna, ita kaɗai gare ni a nan."

"Na sani." Ta ja zif ɗin jaka. "Ni ma ke kaɗai gare ni a can, na kuma bari kika taho. Ba komai. Allah Ya raya ta."

Da motar filin jirgi ta zo, Inna ta ce a biya da ita bakin tafki. Mai Lema tana kan benci. Tun ranar taron take fushi, in ta ga Inna sai ta juya mata ƙeya. Inna ta zauna kusa da ita, ta ciro wani mayafinta mai kauri ta yafa mata a kafaɗa, ta yi ta yi mata magana. Tsohuwar ta daɗe ba ta juyo ba. Can sai ta kama yatsun Inna ta riƙe gam, tana kallon ruwa. Direba ya yi ta danna hon a hankali, irin na unguwar, wanda ba ya tayar da kowa.

Bayan tafiyarta gidan ya koma yadda yake. Kwantiragi ya cika a lokacin da makarantun cikin gari suka riga suka gama ɗaukar malamai, takardar zama kuma ba ta jira. Darakta ta ajiye sabo a gabanta, ta ce na baɗi sai su duba maganar saki tun da wuri. Malama ta sa hannu.

Inna takan kira duk ranar hutu. A can gida tana gaya wa kowa cewa 'yarta tana zaune a wani wuri kamar a mafarki, ko tsinke ba ka gani a ƙasa. Sauran ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wata rana bayan sun gaisa ta ce, "Ina ƙawata?"

"Na kwana biyu ban gan ta a benci ba, Inna. An ce ta faɗi a banɗaki, ba a barin ta fita yanzu."

"Kin je dubiya?"

"Nan ba a shiga gidan mutane sai an gayyace ka."

"Ke 'yar nan. Ki je."

Ta je washegari da yamma, da ledar lemo a hannu da Takwara a gefenta. Madam Tambaya ta buɗe ƙofa da fara'a, ta karɓi ledar ta yi godiya, ta ce tsohuwa tana barci, likita ya hana a dame ta. Ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. Ta ce tun da Malama ta zo, dama tana da tambaya a kan jarrabawar da ke tafe, da kuma wata kalma da 'yarta take furtawa ba daidai ba. Malama ta tsaya a kan tabarmar goge ƙafa ta amsa mata duka, ɗaya bayan ɗaya, ta furta kalmar sau da yawa har matar ta gamsu.

Suna saukowa daga matakala Takwara ta ja hannunta ta nuna sama. A tagar bene, bayan gilashi, ga Mai Lema zaune a keken marasa lafiya, ba barci take ba. Yarinyar ta ɗaga mata hannu da ƙarfi. Tsohuwar ta sa tafin hannunta a jikin gilashin tana faɗin wani abu da ba a ji. Suka tsaya a kan titi suna kallon ta, har wata ma'aikaciya ta zo ta juya keken ta tura shi ciki.

"Me za mu ce wa Inna?" Takwara ta tambaya.

"Za mu ce mun gan ta," in ji Malama.

Fitilun titi suka kama gaba ɗaya, ko da yake rana ba ta gama faɗuwa ba. Ta duba agogo. Tana da ajin manya na yamma, kuma sai ta fara kai yarinyar gida.